Manhajar Da Ke Cikin Kayan Da Kake Sayarwa Tana Da Masu Ita, Kuma Sun Gindaya Sharaɗi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa buɗe kwalin sabuwar waya, ko dikoda, ko akwatin talabijin a rumfarsa, ya san takardun nan masu ƙananan rubutu da ake cusowa tare da caja da littafin bayani. Galibi ba mai karanta su. A kasuwannin Maraɗi da Ƙonni da Jibiya da Maigatari, da zarar mai saye ya ce a rage masa nauyi, su ne farkon abin da ake zubarwa. To a cikin irin waɗannan takardu akwai wadda ke ɗauke da haruffa uku, wato GPL. A kan waɗannan haruffa ne wata kotu a Amurka ta ƙwace akwatunan talabijin na wani kamfani, kuma a kansu ne wata kotu a Paris ta ci kamfanin Orange diyya mai nauyi, kamfanin da mutanen Nijar suka daɗe suna amfani da layinsa, na Kamaru kuwa har gobe.

GPL sunan lasisi ne, wato takardar izinin amfani da manhaja. Manhaja kuwa ita ce umarnin da ke tafiyar da na'ura. In babu ita, waya ƙarfe ce da gilashi kawai. Kowace waya mai Android, ko Tecno ce, ko Itel, ko Infinix, ko Samsung, a ƙarƙashinta akwai wata manhaja mai suna Linux, kuma da lasisin GPL aka sake ta ga duniya. Haka yawancin talabijin masu shiga intanet, da na'urorin rarraba intanet da ake kira rawuta, da dikodoji da dama. Ke nan mai sayar da waɗannan kaya yana rarraba aikin dubban mutanen da bai taɓa gani ba, bai biya su ko dala ba, kuma ba sata ya yi ba, domin su da kansu suka yarje. Sai dai yarjewar ba ta zo haka kawai ba.

Daga injin buga takarda abin ya faro

Manhaja tana da fuska biyu. Akwai asalin rubutunta, wanda mutum ya zauna ya rubuta, kuma wani masani zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma wadda aka riga aka juya zuwa harshen inji, wadda na'ura kaɗai ke fahimta. Misalinsu kamar mai magani ne da ya sayar maka da ƙullin gari: za ka iya sha, amma ba ka san saiwoyin da ya haɗa ba, balle ka ƙara ko ka rage. Kamfanoni irin su Microsoft ƙullin garin suke sayarwa, su riƙe sirrin haɗin.

Wajen shekarar 1980, wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman yana aiki a jami'ar MIT ta Amurka, sai aka kawo musu sabon injin buga takarda na kamfanin Xerox wanda ke yawan cije takarda. Ya so ya gyara manhajarsa yadda zai riƙa sanar da mutane in ya cije, amma da ya nemi asalin rubutun sai aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. A 1983 ya shelanta shirin da ya kira GNU, na rubuta manhajojin da kowa zai iya amfani da su, ya duba cikinsu, ya gyara, ya kuma ba wani. A 1985 ya kafa gidauniyar FSF don wannan aiki, a 1989 kuma ya fitar da lasisin GPL na farko. Bugu na biyu ya fito a 1991, shekarar da wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, kuma a 1992 ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi.

Dabarar Stallman ita ce bai jefar da haƙƙin mallakarsa ba. Da ya yi haka, da wani kamfani ya kwashe aikin, ya ɗan canza shi, ya kulle, ya sayar a matsayin nasa. Maimakon haka sai ya riƙe haƙƙin, ya yi amfani da shi ya gindaya sharaɗi. Kamar manomi ne ya ba ka iri ya ce ka shuka, ka ci, ka sayar, ka ma inganta shi, amma duk wanda ka sayar wa amfanin, in ya nemi irin, kada ka hana shi.

A aikace sharaɗin ba shi da tsawo. Wanda ke amfani da manhajar shi kaɗai a gidansa ko shagonsa, ba a binsa komai. Nauyin yana hawa ne a lokacin da ya miƙa ta ga wani, ko kyauta ko da kuɗi, ko a faifai ko a cikin na'ura. A nan dole ya haɗa da kwafin lasisin, kuma ya ba da asalin rubutun, har da gyaran da ya yi, ko kuma ya rubuta alkawarin zai bayar ga duk wanda ya nema, alkawarin da zai yi aiki aƙalla shekara uku, ba tare da ya caji fiye da kuɗin kwafa da aikawa ba. A bugu na biyu, wanda ya saɓa, izininsa ya faɗi nan take. Daga wannan lokaci, a idon doka, ba shi da bambanci da mai buga kaset ɗin fim ɗin wani ba da izini ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin Ingilishi kalma guda yake da ita ga abin da ba a biya da kuma abin da ke da ƴanci. Faransanci ya raba su, akwai gratuit akwai libre. WhatsApp ba a biyan kuɗinsa, amma ba mai ƴanci ba ne. Shi ya sa kamfanin ke rufe layin waɗanda suka sa jabunsa irin GB WhatsApp. VLC kuwa, manhajar nan mai alamar mazurari ruwan lemo da masu tura fina-finai ke kunna bidiyo da ita, wadda ɗalibai suka fara a wata makarantar injiniyoyi ta Paris, mai ƴanci ce. Kana iya kwafarta sau dubu, har ka karɓi ladan aikinka. Fina-finan da ake kunnawa da ita dai wannan ƴanci bai shafe su ba, a kula.

Ranar da aka fara zuwa gaban alƙali

Shekaru da dama kamfanoni suna ɗaukar GPL kamar wa'azi, ba doka ba. Wanda ya canza musu tunani wani matashi ne Bajamushe, Harald Welte, ɗaya daga cikin marubutan wani sashe na Linux mai tace abin da ke shiga da fita ta intanet. Yakan shiga kanti ya sayi na'ura, ya tone manhajarta, in ya ga aikinsa a ciki kuma ba a cika sharaɗi ba, sai ya aika wa kamfanin takarda. Mafi yawa sukan gyara a yi sulhu. Kamfanin Sitecom ya ƙi, sai kotun Munich a 2004 ta hana shi sayar da na'urar har sai ya bi sharaɗin. A 2006 kotun Frankfurt ta yi wa D-Link hukunci, bayan kamfanin ya yi iƙirarin cewa lasisin ba ya ɗaure shi. Aka sa shi biyan kuɗin lauya da na sayen na'urar da na binciken da aka yi a kanta.

Shari'u biyu daga cikin na Welte su ne suka fi kusa da ɗan kasuwa. Ta farko ita ce ta Skype a 2007. Skype ba shi ya ƙera wayar da ake rigima a kanta ba, kamfanin SMC ne, shi dai yana sayar da ita ne ta shafinsa na intanet. Duk da haka kotun Munich ta kama shi, domin ta hannunsa kayan ke isa ga mai saye. Takardar da aka cusa cikin kwalin daga baya, mai nuna adireshin intanet kawai, kotu ta ce ba ta wadatar ba. Skype ya ɗaukaka ƙara, amma a 2008 ya janye.

Ta biyu ita ce ta Fantec, wani kamfani a Jamus da ke sayar da na'urar kallon bidiyo da sunansa a jiki, alhali a ƙasar Sin aka haɗa masa manhajar. Da aka kai shi kotun Hamburg, sai ya ce ai dillalinsa na Sin ya tabbatar masa cewa asalin rubutun da ya ba shi cikakke ne. A 2013 kotu ta ce wannan ba hujja ba ce: wanda ya fito da kaya kasuwa, shi ke da alhakin bincikawa, ko da zai biya masani ya duba masa. Aka sa shi biyan tarar Yuro 5,100 da ya riga ya amince da ita a wani sulhu na baya, ban da kuɗin shari'a. Kuɗin ba su da yawa ga kamfani irinsa, amma maganar da alƙalan suka kafa ita ce abin ji.

A Amurka rigimar ta taso ne a kan wata ƙaramar manhaja mai suna BusyBox, wadda ke cikin na'urori marasa adadi. A watan Disamba na 2009 aka maka kamfanoni 14 a kotu rana guda a New York, ciki har da Samsung da JVC da kuma Best Buy, wanda babban kantin sayar da kayan lantarki ne mai buga nasa suna a wasu kayan. Westinghouse Digital ya daina halartar shari'ar, sai a 2010 alƙaliya ta ci shi diyyar Dala 90,000, ta hana shi sayar da talabijin ɗin, ta kuma ce waɗanda suka rage a hannunsa a miƙa su a bayar sadaka.

Shari'ar Orange ta fi duka tsawo. Wani ƙaramin kamfani na haɗin gwiwa a Faransa, Entr'ouvert, ya rubuta manhaja mai suna Lasso, ya sake ta da GPL, yana kuma sayar da wani lasisin daban ga wanda ba ya son sharaɗin. Orange ya sa ta cikin kwangilar da ya yi wa gwamnatin Faransa, bai bi sharaɗin ba, bai kuma sayi ɗaya lasisin ba. An shigar da ƙara a 2011, aka yi ta hawa da sauka har kotun ƙoli, sai a watan Fabrairu na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta yanke cewa Orange ya keta haƙƙin mallaka, ta sa shi biyan diyyar da ta haura Yuro 600,000. Shekara 13 ke nan. Ba kowane mai rubuta manhaja ke da irin wannan juriya ba.

Riba, da kuma masu cin zarafin abin

Kada mai karatu ya ɗauka lasisin nan sanda ce kawai. Labarin rawutar Linksys ya isa misali. A 2003 kamfanin Cisco ya sayi Linksys a kan Dala miliyan 500, sai masana suka gano cewa rawutarsa samfurin WRT54G da Linux take aiki, kuma ba a fitar da asalin rubutun ba. Da matsin lamba ya yi yawa, aka fitar. Daga wannan rubutu ne masu sha'awa suka gina OpenWrt a 2004, manhajar da ke ba ƙaramar rawuta mai araha ikon yin aikin manya. Mutane suka yi ta sayen na'urar saboda ana iya canza mata manhaja, har kamfanin ya fitar da wani samfuri musamman dominsu a 2005, ya yi shekaru yana cin kasuwarsa. Abin da aka tilasta masa ya zama masa ciniki, ko da yake hakan bai hana FSF kai Cisco ƙara a 2008 kan wasu kayan ba, aka sasanta a 2009.

Masu sayar da waya kuma ba su manta da abin da ya sami Huawei ba. A 2019 gwamnatin Amurka ta hana kamfanoninta hulɗa da shi, sai sababbin wayoyinsa suka fito babu Play Store, babu sauran manhajojin Google, domin waɗannan mallakar Google ce a kulle. Amma gindin Android, wanda aka riga aka sake wa kowa, ba wanda ya iya ƙwace masa, da shi ya ci gaba da fitar da waya. Wannan ƴanci ne ya sa kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, bai fara gina manhajar waya daga tushe ba, kuma yana daga cikin abin da ya sauko da farashi har waya mai shafa ta shiga ƙauye. Hukumomi ma sun ci moriya: jandarmomin Faransa sun koma amfani da Linux samfurin Ubuntu tun daga 2008, a dubban kwamfutocinsu. Mai shagon buga takardu da ke fama da Windows na sata, wanda kullum ke rubuta masa gargaɗi a fuska, yana da wannan hanya a buɗe, da LibreOffice a madadin Word.

To amma kowace gona da ɓarawonta. Wani Bajamushe, Patrick McHardy, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar da Welte ya fito daga cikinta, an zarge shi da mai da lasisin hanyar tatsar kuɗi: ya sa kamfani ya sa hannu a kan alkawari mai tara, sannan ya dawo da wani ƙaramin kuskuren ya nemi a biya. Abokan aikinsa suka dakatar da shi a 2016, kuma a 2022 aka cimma yarjejeniya cewa ba zai sake kai ƙara a kan wannan manhaja shi kaɗai ba, sai da amincewar mafi yawan ƴan ƙungiyar. Saboda irin wannan ne a 2017 marubutan Linux da yawa, da kamfanoni irin su Red Hat da Google da IBM da Facebook, suka yi alkawarin ba mai kuskuren farko kwana 30 ya gyara bayan an sanar da shi, kamar yadda bugu na uku na GPL, na 2007, ya tanada. A ganina wannan shi ne daidai. Wanda ya kafa abin, rubutun yake so a fitar, ba aljihun mutane ya nufa ba.

Su kuwa marubutan manhajar, lasisin ya kare aikinsu daga kullewa, amma bai ce a ciyar da su ba. A 2014 aka gano wata ɓaraka a manhajar OpenSSL, wadda bankuna da manyan shafuka ke dogara da ita wajen tsare sirrin mutane. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce kimanin Dala 2,000 a shekara ba. Wasu kamfanonin, irin su MongoDB a 2018 da Redis a 2024, da suka ga manyan kamfanonin intanet na cin riba da aikinsu, sai suka ƙara ƙunci a lasisinsu. Na Redis bai yi daɗi ba, domin jama'a sun ɗauki tsohon rubutun, wanda ba a iya janye ƴancinsa, suka ci gaba da shi da sunan Valkey, shi kuma a 2025 ya dawo da lasisi mai ƴanci.

Ina abin ya shafi ɗan kasuwar kan iyaka?

Dokar da aka yi waɗannan hukunce-hukunce da ita, wato ta haƙƙin mallaka, akwai irinta a nan. Nijar da Kamaru da Cadi da Benin duk suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa, kuma yarjejeniyar a yadda take yanzu ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ma haka ta ce. Dukkansu kuma sun sa hannu a yarjejeniyar Berne, wadda ta sa aikin baƙo ke samun kariya irin ta ɗan ƙasa.

A gaskiya, mai teburin da ya sari waya goma daga Kano ko Yamai ya baza, ba shi masu irin wannan ƙara ke bi ba. Abin da ya rage gare shi bai wuce ya bar takardun cikin kwalinsu ba, domin wani lokaci takardar nan ita ce alkawarin da lasisin ya wajabta ya isa hannun mai saye. Wanda ya kamata ya buɗe ido shi ne alhajin da ya girma har yana zuwa Guangzhou ko Shenzhen ana buga masa sunansa a jikin dikoda, ko talabijin mai sola, ko ƙaramar kwamfutar yara. Daga ranar da sunansa ya hau kayan, ya zama Fantec, kuma uzurin cewa ɗan Sin ne ya haɗa an riga an gwada shi a Hamburg bai karɓu ba. Haka matashin da ya haɗa wa ƴan kasuwa manhajar lissafin kaya da bashi, ya tsinto wani sashe daga intanet: in sashen na GPL ne kuma ya cuɗa shi da nasa ya sayar, to nasa ma sai ya buɗe wa masu saye. Akwai wasu lasisin masu sauƙi, irin su MIT da Apache, da ba su nemi haka, sai dai a ambaci masu aikin. Dubawa kafin a ɗauka ita ce aikin.

Karɓo asalin rubutu daga masana'antun Sin ba koyaushe yake da sauƙi ba. A 2021 wata mai rubuta manhaja daga Turai ta nemi na wata wayar UMIDIGI, sai kamfanin ya amsa cewa in ana so a zo ofishinsu na Shenzhen da ƙafa, kuma da Sinanci za a yi magana. Sun ɗauka magana ta mutu. Sai wata fitacciyar masaniyar fasaha mazauniyar birnin, Naomi Wu, ta ɗauki kyamara ta shiga ofishin tana tambayar wanda ya rubuta wasiƙar. Bidiyon ya zaga duniya, kamfanin ya fitar da rubutun.

Masu saye ma sun fara neman haƙƙinsu da kansu, ba sai marubuta ba. A 2021 ƙungiyar SFC ta Amurka ta sayi talabijin na kamfanin Vizio ta kai ƙara a Kalifoniya a matsayin mai saye. A Jamus wani mai suna Sebastian Steck ya sayi rawutar kamfanin AVM, ya nemi rubutun da zai ba shi damar gyara ta, aka ba shi guntu, ya kai ƙara kotun Berlin a 2023; kamfanin ya miƙa abin da ya rage, kuma a 2024 kotu ta ɗora masa kuɗin shari'ar. Ga yaran da ke zaune bakin kasuwa suna yi wa waya filashin, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin wayar da rubutunta ke waje, masana na iya ci gaba da yi mata sabuwar manhaja bayan kamfanin ya daina kula da ita, ta ƙara shekaru a hannun mai ita maimakon a fasa ta a sayar da sassa.

Saboda haka wanda zai ba da odar kaya da sunansa, tun kafin ya ajiye kuɗin kafin alƙalami, ya sa tafintansa ya tambayi masana'antar waɗanne manhajoji ne a ciki da lasisin kowace, ya nemi a ba shi asalin rubutun a filas tare da kayan, a buga takardar lasisin a kowane kwali, a kuma rubuta cikin yarjejeniyar cewa in rigima ta taso a kan manhajar, masana'antar ce za ta ɗauki asarar. Lokacin da kuɗin ke hannunsa ne suke sauraronsa. In kwantena ta bar tashar jirgin ruwa, sau da yawa ko wayarsa ba sa ɗauka.